Ranar da Na Goge Waƙar Baba Ɗanasabe

Masu bibiyata, ku yafe mini shirun sati biyun nan. Na ga saƙonninku, har da na wadda ta tambaya ko Muzammil ne ya sace ni. Bai sace ni ba, 'yar'uwa. Ina nan ɗakin Innata a Cadawa, zaune kan tabarma da ordinater, wato kwamfuta, a cinya, gajiya ce kawai ta yi mini katutu. Ga wanda yau ya fara karanta ni, sunana Munira, ina shekarar ƙarshe a wata makarantar koyon aikin jarida da haɗa bidiyo a Maradi. Muzammil shi ne wanda nake sa ran aura, sana'arsa haɗa wa mutane wutar sola. Abin da ya hana ni rubutu kuwa aikina ne na kammala karatu, wanda jibi Litinin ya kamata in tsaya gaban malamai in kare shi.

Ga yadda aikin yake. Kowane ɗalibi zai nemi mawaƙi ya haɗa masa kilip, wato bidiyon waƙa, ya yi masa afish na mannawa a bango da ɗan gajeren talla na waya. Daga nan sai ya rubuta rapor, wato rahoto, ya auna kansa da kansa: me ya yi kyau, me ya ɓaci, me masu kallo suka ce. In babu kilip babu rapor, in babu rapor sai maimaita shekara. Babana kuwa tun ranar da ya raka ni tasha ya ce shekara uku ya ba ni, kada in zo masa da zancen ta huɗu.

'Yan ajinmu duk suka bi samarin Maradi masu baƙin gilashi da wando a gwiwa. Ni da iyayina na ce abin gida zan yi. Muzammil ya taɓa gaya mini cewa babansa, Baba Ɗanasabe na Sae Sabuwa, makaɗin gurmi ne a da, mai waƙar noma, wanda in ya shiga gonar gayya har rago sai ya ɗauki hauya. Shekara shida ke nan da ya rataye gurmin, tun da babban ɗansa, Yaya Abdulƙadir, ya dawo daga karatu ya yi ta binsa da nasiha har ya bari. Na san da wannan. Ku riƙe cewa na sani, kada gobe wata ta ce an zalunce ni. Haka na sa Muzammil gaba da saƙo, safe da rana, kan ya roƙar mini Baba ya yi mini waƙa.

"Sau ɗaya tak. Don tarihi."

"Munira, Yaya ba zai ji daɗi ba."

"Ai ba Yaya zan ɗauka ba."

Na aika masa hoton fuska mai hawaye har guda biyar a jere. Washegari ya rubuto: "Baba ya yarda. Har ya sa an sauko masa da gurmin."

Mun yi ɗauka a watan Agusta, gero ya wuce kan mutum, Yaya kuma ya yi tafiya. Ni a tsarina tsohon zai sa kayan gona ne, ƙafa ba takalmi. Sai ga shi ya fito da shuɗiyar riga mai aiki a wuya, hula a karkace, ya sha turare kamar mai zuwa ɗaurin aure.

"Baba, ai kayan noma muka ce."

"Ɗiyata, in duniya za a gwada ni, ba da tsumma ba."

Na bar shi da rigarsa. Shi ya fi ni gaskiya ma, don shuɗin nan a tsakiyar koren gero shi ne abin da ya fi kyau a kilip ɗin gaba ɗaya, kuma haka na rubuta a rapor, sai dai na rubuta shi kamar dabarata ce. Abin da ya ɓaci kuwa da yawa. Mun fara da rana tsaka, inuwar hula ta rufe masa ido. Iska ta yi ta shiga makirfo sai da na cire safata na sa masa. Ga shi Baba ba ya iya kai waƙa ƙarshe. Yana cikin baiti zai tsaya ya gaida mai wucewa da amalanke, ko ya juya ya ƙwala wa matarsa kira. Inna Talatu, uwar su Muzammil, tana zaune gindin gawo da ƙwaryar fura, ta ja mayafi ta rufe baki tana dariya, shi kuma yana ta yi mata tsiya. Awa biyu na ɗauka don in samu minti huɗu.

Sati uku na yi ina montaj, ina yanka ina haɗawa, har idona ya koma ja. Afish ɗin ma ya ci raina. Sau uku ina canza launin rubutu, don ja a kan kore ba ya karantuwa daga nesa. A ƙarshe na zaɓi hoton da ya ɗaga gurmin sama yana dariya har ana ganin giɓinsa, na sa sunansa da farin rubutu manya-manya da ranar fitowar waƙa a ƙasa. Malamarmu, Madam Zakiyya, ta kalla a ordinater ɗina ta gyara zaman gilashinta ta ce, "Wannan dai aiki ne." Wanda ya san Madam ya san wannan kalma ba ta fita bakinta sau biyu a shekara. Na buga afish, na raba wa direbobin tasha, na rubuta musu ranar da za su manna a garuruwan hanya. Kilip ɗin da tallan kuwa na riƙe a wurina, ban tura wa kowa ba.

Sai Baba Ɗanasabe ya kwanta zazzaɓi. Kwana huɗu, Allah Ya karɓi abinSa.

Na yi kuka, na je gaisuwa, na dawo. Abu ɗaya ne ban yi ba: ban tuna da direbobi ba. Su kuma bayin Allah, da ba su taɓa cika alkawari a kan lokaci ba, ranar nan suka cika. Ranar ta zo daidai da addu'ar uku. Duk wanda ya sauka a Sae Sabuwa don ta'aziyya, abin da ya fara gani a bangon tasha shi ne mamaci da gurmi a sama yana dariya.

Da la'asar saƙon murya ya shigo daga lambar da ban sani ba. Yaya Abdulƙadir ne. Da ma ihu ya yi da ya fi mini sauƙi, amma a hankali ya yi magana.

"Munira, tsohon ga ya tuba ya aje kiɗi shekara shida. Kun maido shi, ya mutu a kai. Afish mun ɓamɓare. Abin da ke cikin na'urarki kuwa, ki sani duk wanda ya kunna shi, nauyin yana iske shi inda yake kwance. Ki zo ki goge shi gabanmu. In kin yi, maganarki da ƙanena tana nan. In ba ki yi ba, ba mu da abin cewa."

Na saurara sau huɗu. Na huɗun a gaban Innata, wadda ke tsince wake a faifai, ko kai ba ta ɗaga ba.

"To mi kike jira?"

"Inna, shekarata ce gaba ɗaya."

"Shekara ta hi kabarin mutum?"

"Ai ba kowane malami ya ce haka ba."

"Ke malama ce? Gidan mutane za ki shiga, Munira. Za ki shiga da gurmin ubansu a jakarki?"

Tun daga ranar ba ta sake yi mini faɗa ba, sai abin da ya fi faɗa. In na wuce sai ta ja tsaki a hankali. Atamfar da ta ajiye mini tun bara don bikina, mai ruwan zuma da ganye-ganye, sai ta fito da ita ta kakkaɓe ta ninke a gabana, ta mayar cikin akwati tana cewa Allah Ya sa dai a ɗinka ta.

Na kira Madam Zakiyya na kwashe komai na gaya mata. Ta yi ta'aziyya yadda ya kamata, sannan ta koma malama.

"Kin sa shi ya sa hannu a takardar yarda?"

"Ya dangwala yatsa, Madam."

"To a doka aikinki ne. Ba a kare rapor ba tare da kilip ba, ni ma ba ni da ikon canza wannan. Abin da ya faru kuwa ki sa shi a babin abin da masu kallo suka ce."

Abin da masu kallo suka ce! Na buɗe babin na zauna ina kallon farin shafi. Masu kallona sun sa farce sun kankare aikina daga bango, sai in rubuta kashi nawa cikin ɗari ne suka gamsu? Na rufe ordinater na kwanta da rana tsaka, abin da ban taɓa yi ba.

Muzammil kuwa bai taɓa ce mini goge ba, kuma wannan ya fi komai cina. Saƙonninsa gajeru ne. "Kin ci abinci?" "Ya jikin Inna?" Sai ranar Laraba ya rubuto: "Ni na kai ki wurinsa. Ni na sauko da gurmin da hannuna. Ba na iya barci, Munira." Na rubuta amsa doguwa a kan tarihi da al'ada da abin da jikoki za su gani, na karanta na ji kunyar kaina, na share. Na tura masa: "Zan zo Juma'a."

Jiya ke nan. Na sa doguwar riga toka-toka da babban hijabi, ko kwalli ban sa ba. Na ɗauki jakar ordinater, Inna ta cusa mini ƙullin kuka da daddawa in kai wa mai takaba. Mota ta kai ni Maradi, Muzammil ya ɗauke ni a babur daga can. Ya rame har wuyan rigarsa ya yi masa yawa. A bangon tashar garinsu na ga guntun afish ɗina da ya ƙi ɓamɓaruwa, ɗan koren gero da gefen hula, na kawar da kai.

Maza na zaune a rumfar ƙofar gida. Yaya Abdulƙadir ya amsa gaisuwata da mutunci, ya ce in fara shiga in gaida Inna Talatu tukuna. Na iske ta ita kaɗai a ɗaki kan tabarma, da wani tsohon zane baƙi da kallabi ɗaurin gaba, ba awarwaro ba 'yan kunne, carbi a hannu. Na durƙusa na yi gaisuwa, na ajiye ƙullin. Idonta na kan jakata.

"Shina ciki?"

"Yana ciki, Inna."

"Saki labulen."

Na saki. Ta matso har gwiwarta na taɓa tawa, ta rage murya.

"Ni ba kiɗin nika so ba, ɗiyata. Na ji kiɗin nan shekara talatin, ya ishe ni. Wurin nan nika so, inda ya tsaya shina yi min hwaɗa wai hurata ta yi tsami. Da inda ya ce in zo in gyara mishi hula. Kin ɗauka, na gan ki. Shi za ki gwada min."

Jama'a, na so ƙasa ta buɗe. Duk waɗannan wuraren su ne na kira kuskure. Lokacin da nake haɗa afish ordinater ta cika ta fara tsayawa, sai na tattara awa biyun nan kaf, duk abin da bai shiga kilip ba, na goge don in samu wuri. Har na rubuta a rapor cewa na tsaftace aikina. Minti huɗun kiɗi kawai suka rage.

"Inna, babu su. Na zubar."

"Kin zubar?"

"Na ɗauka ba su da amfani."

Ba ta zage ni ba. Ta dube ni kawai, ta ja carbinta ƙwaya biyu ko uku, ni kuwa hawaye na ta zuba a kan hijabi. Ban taɓa jin na tsani karatuna ba sai a lokacin. Shekara uku ana koya mini abin da ake yankewa, kuma na koya da kyau.

"To kunna wanda ya rage," in ji ta. "Amma kashe mishi murya."

Na kunna ba sauti. Ga Baba cikin shuɗiyar riga, baki na motsi, yatsu na yawo kan gurmi, gero na kaɗawa a bayansa. Akwai wani wuri kusa da ƙarshe da ya ɗan karkata ido gefe yana murmushi. Na daɗe ina jin haushin wurin, don ya kauce wa kamera, na rasa yadda zan cire shi. Inna Talatu ta sa yatsa a kan gilashin.

"Nan ni yake kallo."

Ta sa na maimaita mata wurin sau uku. Sannan ta goge fuska da bakin kallabi, ta tambaye ni ko abin nan yana shiga ɗan ƙaramin katin nan da yara ke sa wa waya. Na ce yana shiga. Akwai wani wanda ba komai a kansa a aljihun jakata, na ciro na sa mata kilip ɗin a ciki. Ta karɓa, abu kamar farcen ɗan yatsa, ta ƙulle shi a haɓar zane ta soke a ƙugu.

"Inna, wayarki ba ta kunna shi."

"Na sani. Ba sai na gani ba, in dai shina nan." Ta kama hannuna ta matse. "Tahi ki goge naki gabansu. Wanga kuwa daga ni sai ke. Ko Muzammilu kar ya ji. In na hita takaba kya kunna min, lokacin ai kina gidan ga."

Na so in ce mata, to Inna, ara mini shi zuwa Litinin. Wallahi maganar ta zo har bakina. Sai na dubi hannunta a kan ƙugun, na haɗiye.

A rumfa na buɗe ordinater a kan benci. Yaya Abdulƙadir ya tsaya ta dama, Muzammil ta hagu. Na nuna musu kilip ɗin, da tallan waya, da afish, na zaɓe su gaba ɗaya. Na'urar ta tambaye ni ko na tabbata, ita kaɗai ce ta tambaye ni a duk kwanakin nan. Na danna. Na shiga kwandon shara na share shi ma. Wata uku na wahala, ko minti ɗaya bai ɗauka ba.

"Allah Shi yi miki albarka," in ji Yaya. Muryarsa ta karye, sai na gane shi ma ba mugunta ce ta sa shi ba, uba ya rasa. "Ki gaya wa babanki, bayan arba'in muna nan tahe Cadawa."

Muzammil ya ɗauke ni mu koma. Rana ta yi sanyi, masu amalanke na dawowa daga gona da damman gero. Sai da muka wuce wani ƙauye ya rage gudu ya tsaya gefen hanya, bai kashe babur ba, bai kuma juyo ba.

"Munira, ki yi haƙuri da tambayar da zan yi. Babu wani kwafin kilip ɗin a wani wuri ko? Ko a waya, ko wurin malamarku?"

Tun da muka haɗu ban taɓa yi masa ƙarya ba, ko ta ina hanya alhali ina gida. Na dubi ƙeyarsa, gashin da ya bari ya taru tun rasuwar.

"Babu."

Ya sauke wata ajiyar zuciya da na ji ta har a jikin babur ɗin. Ya sa hannun riga ya share ido.

"Alhamdu lillahi. Na san abin da kika rasa saboda mu, kuma ba zan manta ba. Yau zan yi barci, Munira. Yanzu na san babu abin da ke bin Baba."

Na ce masa Allah Ya sa.

Yanzu ga ni a gida. Inna ta ji labarin bayan arba'in, tun safe ta aika a kira mata tela. Babana bai san komai ba tukuna game da Litinin, yana can yana gaya wa abokansa 'yarsa ta kusa karɓo diplom. Madam Zakiyya ta turo saƙo: "Ƙarfe takwas. Ke ce ta farko." Ban buɗe ba, daga sama na karanta. Ɗazu kuma na Muzammil ya shigo, shi na buɗe. Ya ce rabonsa da barci irin na jiya tun ranar da aka kai Baba, har sai da aka tashe shi sallar asuba. Ya ce in faɗi duk abin da nake so ya yi mini tukuici, don shi a duniya yanzu maganata kaɗai yake yarda da ita ba tare da ya bincika ba.

Alamar shuɗi ta nuna masa na karanta. Ga shi can sama an rubuta yana jira a kan layi, ni kuma na kife wayar a kan tabarma.